Daminar da Lawali Ya Daina Fita da Kwano

Marka ta kama mu bana a Mabera, nan gefen Sakkwato, kwana da kwanaki sama ba ta buɗe ba. Layinmu ya zama tafki, masu babur sai sun ɗage ƙafa suke wucewa, shanya kuwa ta ƙi bushewa har ta fara wari. Jiya da hantsi ina tsakar gida ina korar ruwa da tsintsiya, sai iska ta kawo mini wani ƙamshi daga bayan katanga. Maƙwabciyata ce ke dafa tafasa. Duk wanda ya taɓa cin ganyen nan don dole ya san ƙamshinsa, ɗanye-ɗanye mai ɗan ɗaci, kuma ya san ba marmari ke sa a ɗora shi a wuta da hantsi ba, a gidan da ke da yara. Na jingine tsintsiyar na zauna. Ƙamshin ya mayar da ni wata damina, shekara talatin da ɗoriya ke nan, daminar da yayana Lawali ya daina cin abinci ba wanda ya sani.

A lokacin muna cikin gari, a wata tsohuwar unguwa da ke gangare, inda in ka hau soro kana hango fadama. Ni Kulu ina 'yar shekara goma sha huɗu, Lawali ya ba ni shekara biyu, sai ƙannenmu ƙanana guda biyu. Baba yana da 'yar gona a bayan gari. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke tun gero yana cikin bununi, abin da aka girbe bai kai mu ko'ina ba. Da sanyi ya wuce sai Baba ya bi motar albasa zuwa kudu neman abin rufin asiri, ya ce zai dawo kafin shuka. Daga baya muka ji ciwo ne ya kwantar da shi a can. A lokacin dai shiru kawai muka ji, ba shi ba saƙonsa.

Bazarar shekarar ba ta yi mana da wasa ba. Wanda bai zauna Sakkwato ba zai ɗauka ƙari ake yi idan an ce ruwan randa yana yin ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Bango yana huci har bayan la'asar, tsakar gida ba ta takuwa ba takalmi, ƙuraje sun feso wa yara a wuya da goshi. A cikin wannan zafin buhun hatsinmu yake ta durƙushewa a kusurwar ɗaki. Furar rana ce ta fara tafiya. Daga nan kokon safe ya tsinke, har kana ganin gindin kofi ta cikinsa. Inna ta canza kwanon awo ta koma wani ƙarami, ta ɗauka ba mu lura ba. Irin shuka kuwa ta zuba shi a tulu ta liƙe bakin da laka, don ta san hannun mai jin yunwa ba shi da alƙawari, har da nata.

Ranar da ruwan farko ya sauka, iska ta fara zuwa ta kwashe mana faifai da tabarmi, sannan ƙasa ta yi wannan ƙamshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Washegari aka fasa bakin tulu. Lawali yana gaba da sungumi yana sara, ni da yara muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙaramin cikinmu yana jefa uku a rami yana jefa ɗaya a baki, Lawali ya waiwayo ya ce in gero ya tsiro masa a ciki shi za a fara girbewa. Mun yi dariya sosai ran nan, muka dawo gida da laka har gwiwa.

Abu biyu ne suka haɗu suka rufe mana ido, kuma dukansu abubuwa ne da muke alfahari da su.

Na farko ciyayya. A unguwarmu maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. In an sallame magariba kowane gida zai fito da kwanonsa zuwa zauren Malam Buba, dattijon unguwa, a shimfiɗa tabarmi a jera kwanoni, a ci wannan a koma wancan. Da mai shi da marar shi duk hannu ɗaya. Tun da Baba ya tafi, Lawali ne ke fita da namu ya zauna a madadinsa. Abin da ke cikin ciyayya shi ne, murfin kwano a gaban kowa ake ɗaga shi. Da tuwonmu ya fara shan dusa, miya ta koma kuka da gishiri, sai Malam Buba ya riƙa jawo namu a fara da shi, yana cewa miyar gidan nan daban take. Don kara yake yi, Allah ya jiƙansa. Amma Lawali ba yaro ba ne, ya san abin da ake yabo. Yakan dawo da kwanon ya dangwarar a ƙofar ɗaki ya wuce.

Na biyu kunya. Lawali ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ne da ba su san sassauci a wannan ba. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Na shago" take ce masa, don yana kwana a ɗan ɗakin da ke jikin zaure. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda yake cin abinci, ba ta tambayarsa ina ya fito. In tana da magana da shi sai ta faɗa mini, ko da yana tsaye a gabanta, ni kuma in juya in maimaita masa, ya ba ni amsa in juya in mayar mata. Mutum biyu suna jin numfashin juna, ni ce gidan wayarsu. Abin yana ba ni dariya a lokacin, har nakan ƙara gishiri a saƙon don in ga wanda zai fara murmushi.

Wata yamma bayan an gama noman farko, Inna tana kwashe tuwo, Lawali ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Kulu, hwaɗa ma Inna ta bar zuba kwanon waje. Malam ya ce abin da aka kawowa ya yi yawa, har saura aka yi. A ƙara ma yara."

Inna ba ta juyo ba. Ta ce, "Ce mishi an ji. Allah shi saka ma Malam da alheri."

Daga ran nan malmalarsa ta koma cikin tamu, muka yi murna. A zauren Malam kuma ya ce musu ya samu aikin lebura a wani gini da ake yi a Sama Road, can ake ba su abinci, a ƙoshe yake dawowa. Su ma suka yi masa murna. Kullum bayan magariba sai ya wanke hannu a gabanmu ya fita, ya je ya zauna a bayan masallaci har a watse, sannan ya shigo da tsinke a baki yana sakace. Ni da idona na sha ganin sakacen nan, har ina tsokanarsa wai ya rage mana ƙashin naman.

Ba a jima ba ya fara shigowa da hatsi, ɗan ƙulli a tsumma, wata rana gero wata rana dawa. Zai ajiye a ƙofar shago ya ce, "Kulu, ɗauki." Mun ɗauka ladan gini ne. Ashe gulbi yake zuwa wurin masu yashi. Da rani yashi a fili yake, kowa ya sa shebur ya ɗiba. Amma in gulbi ya cika ya rufe gaɓa, yashi yakan yi tsada, magina kuma ba sa jira. Sai a fita da kwalekwale tsakiyar ruwa a kafa doguwar gora, yaro ya bi gorar ya nutse da bokitin ƙarfe, ya cika shi a ƙasa cikin duhu, na sama ya jawo da igiya. Haka za a yi ta yi har jirgi ya cika a kai wa tifa a bakin gaɓa. Manya sun san ruwan marka, ba sa shiga. Samari ake samu, irin waɗanda gidajensu ke jiran ɗan ƙullin nan. Mai jirgin kuma yana raba musu wata 'yar farar ƙwaya da safe, wadda ke kashe sanyi, ta kashe gajiya, ta kashe yunwa.

Marka ta shigo da ƙarfinta. Ruwa ba mai tsawa ba, irin mai zuba siriri tun asuba har ka manta kalar rana. Itace ya jiƙe, Inna tana hura wuta hayaƙi yana sa ta hawaye. Katangar bayan gidanmu ta zube muka tare da zana. Ni da yara mukan fita bayan unguwa da ƙwarya mu yagi tafasa, a dafa a matse a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri ya isa. Yunwar zafi tana sa mutum kasala ne ya kwanta. Ta sanyi kuwa cizo take yi, ta hana ka zama wuri ɗaya, ga ciki yana kukan ganye. A gona gero ya yi kore shar, ya fi mutum tsawo, ya fara fid da kai. Kana kallon abinci ga shi nan tsaye, amma ba ranar cinsa ba.

A cikin wannan ne na fara tsorata da Lawali. Wuyansa ya zurma, idanunsa suka yi ja, fatarsa ta yi fari-fari kamar an shafa toka. Shi da ba shi da yawan magana sai ya koma surutu ba kai ba gindi, yana cije haƙora, hannunsa yana rawa in ya ɗauki buta. Yana yawan karkata kai yana bubbuga kunne. In na wanke wandonsa sai yashi ya kwanta a gindin bokiti, amma na ce ai wurin gini ma akwai yashi. Warin laka da kifi da ke gashinsa ne na rasa inda zan ajiye. Wata rana na tsinci ƙwayoyin nan a aljihunsa a naɗe cikin takardar sigari.

Na ce, "Yaya, wanga hwa?"

Ya fizge. "Maganin ciwon kai na. Ke komi sai kin tona?"

"To mi as samu kunnenka?"

"Ruwan sama na ya shiga. Tahi ki yi aikinki."

Na tafi, amma daga ran nan ban ƙara samun natsuwa ba. Da rana ta karkata sai in kasa kunne ina jiran tarinsa a zaure, in na ji shi sannan in koma aikina.

Yanzu in na fita bakin titi a nan Mabera ina ganin irinsa. Ga su nan da buhun gwangwani a kafaɗa, suna ɗafe bayan tifa tana gudu, ido jajir, suna dariyar da ba ta da dalili. Ga 'yan mata ƙanana suna daɗewa a gefen mai shayi ba sayen komai suke ba. Nan babu zaure, kowa da get ɗinsa, in ka ji ƙarar cokali a gidan wani to ka yi kusa da yawa. Nakan ce da akwai ciyayya da an lura da wanda bai zo ba. Sai kuma in tuna mu muna da ita.

Malam Buba ne ya tare ni wata safiya ina dawowa daga niƙa. Yana zaune a bakin zaurensa da carbi, ya lulluɓa da bargo.

"Ke ɗiyar ga, taho. Ina yayanki? Gini ya ɓoye muna shi, ko gaisuwa sai daga nesa. Halama abincin magina ya hi namu daɗi."

Na tsaya da ƙwarya a kai. Na ce, "Malam, ba nan shika ci ba?"

Carbin ya tsaya. "Wa yac ce miki nan shika ci?"

"Shi yac ce. Ya ce kun ce a bar kawo kwano, abinci ya yi yawa."

"Tun yaushe?"

"Tun noman hwarko."

Malam ya yi salati a hankali ya kama gemunsa. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke gudu a lungu. Sannan ya ce, "An hwaɗa mani an gane shi gulbi cikin masu yashi, ni ko nac ce ƙarya ta, yaron yana wurin gini. Tahi gida, ɗiyata."

Ban san yadda na kai gida ba. Na iske Inna tana tsinke tafasa, na durƙusa na faɗa mata duka, har da ƙwayar. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsinka, sai dai na ga tana zuba ganyen a ƙasa tana jefa karan a ƙwarya. Da ta yi magana muryarta ba ta fita sosai.

"Yau a zuba mishi. Ki ce shi shigo ciki shi ci."

Da magariba na tare Lawali yana wanke hannun ƙaryar nan tasa, na ce Inna ta ce ya shigo, mun san komai. Ya dube ni kamar zai mare ni, sannan ya sunkuyar da kai ya biyo ni. Ya tsuguna a tsakar gida ya ba ɗakin Inna baya. Ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, na ga maƙogwaronsa yana kokawa da ita. Ƙwayar ta riga ta ɗaure masa ciki. Ya tura wa yara kwanon, su kuwa ba su jira an ce bismilla ba. Inna tana tsaye a bayan asabari, ina hango ta. Bakinta ya buɗe ya rufe. Na roƙi Allah a zuciyata ta fito ta kama shi ta girgiza, ta yi masa ihu kamar yadda take yi mini in na fasa ƙwarya. Abin da ta iya shi ne ta kira ni.

"Kulu, ce mishi gulbi ya cika."

Na juya na faɗa.

"Ce mata na sani. Gero ya kusa. Da an ci tumu na bari."

Tumu shi ne ɗanyen geron farko da ake gasawa a murtsuke a ci, kuma gaskiyarsa, saura ƙiris. Amma ni ƙiris ɗin nan ya fi mini duk daminar tsawo.

Washegari Inna ta aike ni wurin Malam, ta ce a roƙe shi ya hana Lawali shiga gulbi, tunda uba ba ya nan. Malam ya ce ya kwana da abin a ransa. Ya ce, "Yaron ga mai zuciya na. In na tare shi gaban mutane, ko in aika a kira shi, zai ga an tona mishi asiri, barin unguwa za shi yi mu rasa inda shike. Bari ran Juma'a in mun taso masallaci in ja shi gehe kamar hira, akwai wani ɗan'uwana mai rumhwa a kasuwa da ka neman yaro." Da yamma matarsa ta shigo da ƙwaryar dawa a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye a bayan ƙofa, suka gaisa da Inna suka yi zancen ruwa, ta tafi. Kowa yana lallaɓa abin don kada a ji wa kowa kunya. Ni kuwa ina ta lissafin Juma'a, ina jin haushinsu gaba ɗaya, ba ni da bakin faɗa.

Ranar Alhamis ruwa ya fara tun kafin kiran salla. Na yi sauri na fita shago in ce wa Lawali yau dai ya haƙura, na iske tabarma a naɗe. Wunin nan ban iya komai ba. Na ɗauki tsintsiya na ajiye, na leƙa lungu na dawo, na sake leƙawa. Inna ta surfa dawar Malam ta yi tuwo na gaske, ba dusa, ta zuba nasa a kwano ta rufe ta naɗe da tsumma don kada ya huce. Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Lokacin tarinsa ya yi ya wuce. Duk takun da na ji a lungu sai in miƙe, ya wuce in zauna. Inna tana ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Rana ta kusa faɗuwa muka ji sallama a zaure, ana yi ana maimaitawa. Ɗan'ige ne, abokin Lawali da suke jirgi ɗaya, ba takalmi. Ya ƙi shigowa. Ni na fita.

"Ya bi gora ya nutsa," in ji shi. "Munka ji nauyi munka jawo igiya. Bokiti ya taho cike. Shi bai taho ba."

Masunta ne suka same shi da safe, can ƙasa, a cikin shinkafar da ruwa ya shanye. Bayan an taso daga Juma'a aka yi masa salla, Malam Buba ne ya ja, muryarsa tana karyewa. Ni na yi kuka har na shiɗe. Inna tana zaune a ɗaki cikin mata, idonta a bushe, kanta a sunkuye, don ba a kukan ɗan fari a gaban mutane. Ina ji wata tsohuwa tana yaba mata, wai haka ɗiyan manya suke.

Kafin magariba kwanoni suka fara shigowa, kamar yadda ake yi wa gidan rasuwa. Yara suna sallama suna ajiyewa, wannan daga gidan wane, wannan daga gidan wance. Tuwon shinkafa da miyar taushe, dambu yana ƙamshin mai, fura da nono a ƙwarya, wani kwanon har da nama. Na jera su a jikin bango, suka tashi daga ƙofar zaure har murhu, na fara sabon layi. Ƙannena suna tsugune a gefe sun zuba musu ido, ba su taɓa ba.

Da mata suka ragu Inna ta fito za ta yi alwala. Ta tsaya da buta a hannu. Ta sunkuya ta ɗaga murfi ɗaya, tururi ya taso mata. Ta ɗaga na biyu, ta ɗaga na uku.

"Kulu, dut wanga cikin unguwar ga shike?"

Na ce, "I, Inna."

Ta daɗe tana kallon layin kwanonin, butar tana tsiyaya a kan ƙafarta ba ta sani ba.

"Ashe akwai," in ji ta. Ta mayar da murfin a hankali. "Zuba ma yara su ci tun da zahi."